Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin da Ya Cika da Jirgin da Ya Yi Nauyi

TAMBAYA:

 Ni malamin Islamiyya ne a Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Kwanakin baya muna bitar Suratu Yasin da manyan ɗalibai, muka zo inda aka siffanta jirgi da kalmar mash'hun, na fassara musu da "wanda aka cika da kaya maƙil". Sai wani yaro, ɗan gidan masu fito, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe obalodi ba yau aka fara ba, tunda an yi wa jirgin Annabi Nuhu kuma ya sauka lafiya." Aji ya kwashe da dariya. Na tsawata masa, amma har na koma gida maganar tana cina, domin tsawa na ba shi, ban ba shi amsa ba. Da na duba ƙamus na waya sai ya jero mini mumtali'i da muzdahim da muktazz da musƙal da wasunsu, duk da fassara kusan iri ɗaya. Don Allah mene ne bambancinsu, kuma wacce ce ta dace da jirgin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa?

Malamin Islamiyya, Wara

AMSA:

 Allah ya gafarta Malam, kafin komai a nemo yaron nan a sa masa albarka. Kuskure kam ya yi, amma irin na mai sauraro da kunnen basira. Ya ji kalma a aji, ya ɗauke ta ya kai ta kwata inda mahaifinsa ke lodi, ya gwada ta da abin da idonsa ya saba gani. Ɗalibai nawa ne ke yin haka?

A taƙaice, mash'hun ba ta nufin obalodi. Sai dai gajeruwar amsa ba za ta zaunar da yaro irin wannan ba, don haka a yi haƙuri mu bi ta doguwar hanya.

Tushen kalmar harufa uku ne: shinun, ha ƙarami, nunun. Shahana shi ne a loda wa jirgi kaya da mutane da guzuri har ya gama shirin tafiya. Sau uku mash'hun ta zo a Alƙur'ani, kuma duk ukun jirgi ta siffanta: Shu'ara aya ta 119, Yasin aya ta 41, Saffat aya ta 140. Ta Shu'ara jirgin Annabi Nuhu ne ƙarara, ta Yasin ma can mafi yawan masu tafsiri suka kai ta. Ta Saffat kuwa jirgin da Annabi Yunusa ya shiga ne, wanda aka ruwaito cewa ya faɗa halin da sai an rage mutum daga cikinsa, aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa. To ga jirage biyu. Ɗaya ya zama sanadin tsira, ɗaya ya rikice a tsakiyar teku, kuma kalma guda aka siffanta su da ita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna kalmar ba ta yanke hukunci. Abin da take faɗa shi ne jirgi ya ɗauki kaya sosai. Ko ya wuce abin da zai iya ko bai wuce ba, wannan ba a bakinta za a ji ba.

Larabawan yau ma a haka suka riƙe ta. Jigilar kaya shahn ce, kuma duk alhajin da ya taɓa kai tsaraba shagon masu turo kaya gida a Makka ko Madina ya ga kalmar rubuce a bakin ƙofa. Babbar mota, irin waɗanda ke tashi daga Yelwa da buhunan albasa, shahina ce. Cajar waya shahin, batirin da ya cika kuma mash'hun. Babu wanda zai ga wayarsa ta cika caji ya ce ta yi obalodi. Daga tushen ne kuma aka sami shahna'u, wato gaba, domin mai gaba zuciyarsa jirgi ce da aka yi wa lodin ƙiyayya. A kula wa ɗalibai da abu ɗaya: kada su haɗa ta da mash'hur, wadda ta ba mu mashahuri da shahara. Wannan da ha kuri ake rubuta ta, boko ne kawai ya sa suka yi kama.

Shi kuwa ƙamus na waya, laifinsa shi ne ya zuba wa Malam kalmomin a kwarya ɗaya. Magabata ba haka suka yi ba. Abu Mansur Assa'alibi, mutumin Naisaburi da ya rasu a shekara ta 429 bayan Hijira, ya ware babi guda a littafinsa Fiƙhul Luga a kan cika da wofi kawai, yana nuna kowane abu da kalmar cikar da ta dace da shi: jirgi da tasa, ƙoƙon sha da tasa, kwari da kogi da majalisa kowanne da tasa. Mu ma haka muke, hanya ce ta bambanta. Balarabe yakan canza kalmar ɗungurungum, Bahaushe kuwa yakan bar cika a wurinta ya rataya mata amsa-kama. Tulu ya cika fal, kwano ya cika taf, kasuwa ta cika maƙil ba masaka tsinke, kogi ya cika ya batse. Wanda ya ce kogi ya cika ba masaka tsinke ba ƙarya ya yi ba, amma kowa zai juyo ya dube shi.

Mumtali'i ita ce uwar gida, daga mala'a. Cika ce zalla, ta tulu, ta aji, ta aljihu. Ba yabo a cikinta, ba zargi. Mu wuce ta.

Muzdahim ta fi daɗin zance, domin Bahaushe ya san 'yar uwarta tun kafin ya buɗe ƙamus. Hajiyar da ba ta taɓa zama ajin Larabci ba takan dawo daga Makka da kalmomi biyu ko uku, kuma da wuya a rasa zahma a cikinsu. Asalin zahama shi ne kafaɗa ta gogi kafaɗa, wani ya matse wani a wuri mai ƙunci. Saboda haka zahma da ziham da izdiham cunkoso ne na abin da ke motsi yana neman hanya: mutane a ɗawafi, motoci a titi, shanu a mashaya. Buhunan shinkafa da aka jera a sito, ko sun kai rufi, ba zahma suke yi ba. Farisawa da Turkawa da masu jin Urdu sun ari kalmar, a bakinsu ta koma wahala da ɗawainiya, kuma wanda ya taɓa shiga kasuwar Yauri ranar cinta ba zai yi mamakin yadda ma'anar ta gangara can ba. Idan zahma ta ɓaci har aka fara ture juna, sai Balarabe ya sake kalma ya ce tadafu'i, turereniya ke nan. Da ita jaridun Larabawa suka kira abin da ya faru a Mina ranar 24 ga Satumba 2015, inda muka rasa alhazai da yawa, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah ya jiƙansu.

Muktazz kuma daga ciki ta fito, cikin mutum nake nufi. Kizza ita ce a ci abinci har numfashi ya yi wuya. Wurin da aka kira muktazz ya ɗauki fiye da abin da zai iya haɗiyewa, shi ya sa ake faɗinta ga gidan yari da aji mai ɗalibai fiye da kujeru, ita ce kuma kafofin labaran Larabawa ke yawan siffanta jiragen 'yan ci-rani da ita, waɗanda ke tashi daga gaɓar Libiya. A nan mun fara jin ƙanshin wuce iyaka. Ƙawarta ita ce gaass, daga gassa, loma ta tsaya a maƙogwaro. Balarabe yakan ce majalisa ta yi gassa da mutane, Bahaushe ya ce zaure ya shaƙe da jama'a, kuma ba wanda ya ara daga wani. Harsuna biyu ne suka kalli wurin da ya cika, kowanne ya tuna da maƙogwaro.

Akwai wata da ƙamus ɗin bai kamata ya bari ba, ihtiƙan. Haƙana shi ne a tsare ruwa ko jini a hana shi fita. Ɗaliban fiƙihu sun san haƙin, mai matse fitsari, wanda aka karhanta masa shiga salla a haka. Likitan Larabawa yakan kira toshewar hanci lokacin mura ihtiƙan, ɗan jarida kuma ya kira zaman ɗar-ɗar na siyasa da sunan. Cika ce ta abin da aka toshe wa mafita. Kishiyarta ita ce cikar da ta sami mafita ta zube, kuma a nan ne Malam zai ji daɗin karantarwa, domin tushen yana cikin Hausarmu ba mu lura ba. Harafin ƙarshensa shi ne wanda muke kira lodi a makarantar allo (ba lodin kwata ba, wancan daga bakin Turawa ya zo), wanda muke furtawa da lam kamar a alƙali da larura da farilla. Daga wannan tushe aka sami fayalan, ambaliya. Daga shi aka sami ɗawafin ifala, saboda kwararowar alhazai kamar ruwa. Daga shi kuma aka sami Faila, sunan da aka san tafiyar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da shi tun 1929, ma'ana tumbatsar baiwa. Fa'ida dai ba 'yar gidan ba ce, da dalun ake rubuta ta.

Mutanen bakin tafkin Kainji ba sa bukatar a yi musu darasi a kan waɗannan biyun, ihtiƙan da fayalan. Tun da aka kammala madatsar a 1968, aka tsare Neja ta kwanta ta cinye tsohuwar Busa da gungunan Gungawa, aka tayar da mutum wajen 44,000 daga mazauninsu, rayuwar yankin take tsakanin tsarewa da tumbatsa. Sau biyu ruwa ke kawowa a shekara: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso mana cikin hunturu.

To yanzu a lura da wani abu. Duk kalmomin da muka bi, daga mumtali'i har zuwa gaass, awon wuri suke yi. Tambayarsu ɗaya ce: akwai sauran fili ko babu? Ido ne ke amsa ta. Musƙal kuwa ba daga wannan gida ta fito ba sam, kuma a ganina ita ce zuciyar tambayar Malam.

Tushenta sa mai ɗigo uku, irin ta Usman, da ƙaf da lam. Saƙil mai nauyi, siƙal nauyi. Daga nan aka sami misƙali, awon zinariya na giram 4 da kwata ko kusa da haka, wanda fataken Gwanja da ke ratsa ƙasar Yauri suka sani, wanda kuma yaran Malam ke karantawa a Suratu Zalzala tun suna ƙanana. Musƙal shi ne wanda kaya ya danne, ya rinjaye shi. Tambayar wannan kalma dabam ce: mai ɗauka zai iya ko ba zai iya ba? Ita kuwa ba ido ke amsa ta ba. Jaki ne ke amsawa da gwiwarsa, ɗan dako da wuyansa, jirgi da bakinsa.

Larabci ya tara dukiya a wannan gida. Himl kaya ne, hammal ɗan dako, hamil mai juna biyu, hamula lodin abin hawa. Wizr kaya ne mai nauyi har ya zama sunan zunubi, kuma malaman luga da dama sun ce daga nan waziri ya samo sunansa, domin shi ke ɗaukar wa sarki nauyi. Kallafa mun are ta yadda take, muna cewa kada ka kallafa wa kanka, muna kiran baligi mai hankali mukallafi. Sai ɗaƙa, iyakar abin da mai ɗauka zai iya. Idan Malam na son ya nuna wa ɗalibai dangin nan a zaune wuri guda, ya buɗe musu ayar ƙarshe ta Baƙara, wadda yawancinsu sun haddace. Tushen kallafa yana ciki, na hamala yana ciki, ɗaƙa ma tana ciki. Ba kalmar cika ko ɗaya a wurin.

Saboda haka obalodi a Larabcin yau hamula za'ida ce, lodin da ya yi ƙari, 'yar uwar wazn za'id da ake faɗa wa alhaji a filin jirgin Jidda idan jakarsa ta wuce kilo. Jirgin da aka yi wa shi kuma musƙal ne, ko a ce muhammal fauƙa ɗaƙatihi, wanda aka ɗora wa sama da ƙarfinsa. Idan yawan kawunan mutane ake son nunawa, a ce muktazz.

Na san Malam ya fi ni sanin dalilin da ya sa wannan bambanci ba wasan ƙamus ba ne, tunda a Wara yake. Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021 jirgin katako da ke tsakanin Jihar Neja da Wara ya dare a tsakiyar ruwa. Jami'ai suka ce ya ɗauko mutum wajen 180, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne, gawarwakin da aka tsamo a kwanakin da suka biyo baya sun haura 70. Amma abin da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kai shi ne sauran lodin da jami'an suka ambata: babura 30, da buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinariya. Babur ɗaya ya haura kilo 100, ke nan babura 30 sun wuce tan 3, nauyin mutum 50 ko kusa da haka waɗanda ba su shiga ƙidaya ba. Buhun ƙasa kuwa ya fi kowa iya ɓuya. Yana kwanciya a ƙasan jirgi, fasinja ya ɗora ƙafa a kansa, ba ya cin wurin kowa, alhali ƙasa ta fi ruwa nauyi nesa ba kusa ba. Jirgi na iya zama da sauran wurin zama, mai lodi yana ta kiran "saura mutum biyu", alhali tuni ya zama musƙal. Wani kuma na iya cika maƙil da ƙwarya da tabarmi har ba a ganin matuƙi, bakinsa yana can sama da ruwa.

Dalilin a fili yake. Jirgi yana nutsa cikinsa ne har sai ruwan da ya ture ya yi daidai da nauyinsa. Kowane buhu da aka ƙara, tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa raguwa take yi. Wannan tazara ita ce duk jarin fasinja. Idan ta koma taƙi ɗaya, iskar hadari da za ta tayar da igiya a faɗin tafkin ta isa, motsin mutane zuwa gefe guda ya isa. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun 1968, waɗanda ke kusanto fuska idan tafki ya ja baya daga bazara zuwa farkon damina. Jirgi mara nauyi ya wuce ta kansu, mai nauyi ya zauna a kai, kuma katakon da ya tsufa ba ya jure dukan da tan da yawa ke bayansa.

Turawan Ingila sun sha wannan wahalar kafin mu. Wani ɗan majalisarsu, Samuel Plimsoll, ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke danƙara kaya suna tura matuƙa ga halaka, har aka yi doka a 1876 cewa a zana alama a jikin jirgi, idan ruwa ya taɓa ta lodi ya ƙare. Har yau manyan jiragen duniya na ɗauke da ita. Ni dai ban ga abin da zai hana jirgin katako a Zamare ko Wara ya samu irin wannan zane ba, gwangwanin fenti ɗaya ne. Rigar ruwa da hukumomi ke rabawa tana da amfani, amma aikinta yana farawa ne bayan an riga an faɗa ruwa. Zanen yana aiki tun ana kwata, kuma tsohuwar da ba ta iya karatu ba za ta iya dubansa ta ce a sauke ta.

Hukunci ba fagena ba ne, na malaman fiƙihu ne, amma tunda Risala ta Ibn Abi Zaid na nan a zaurukanmu, Malam zai tuna ta kawo cewa mai jirgi ba ya cin kuɗin fito sai ya isar, kuma ba a ɗora masa lamunin abin da ya salwanta. Masu sharhi sun ɗaure wannan da sharaɗin bai yi ta'addi ko sakaci ba. A can ma maganar iyaka ce ta raba.

Game da ajin kuwa, ga shawarata. A kawo bokitin ruwa da ƙananan kwanoni biyu iri ɗaya. A danƙara wa ɗaya auduga har ta yi tozo, a ɗora shi a kan ruwa. Ɗaya kuma a riƙa jefa masa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma yaron nan ne zai jefa da hannunsa. Kwanon tsakuwa zai nutse tun bai cika ba, na auduga yana yawo abinsa. Sai a tambaye shi wanne ne mash'hun, wanne ne musƙal. Fassarar Yasin kuma a ɗan gyara ta, a ce "jirgin da aka yi wa cikakken lodi", a bar maƙil ɗin, domin a kunnen ɗan bakin ruwa maƙil ta riga ta ɗauki wata ma'ana.

Ina da roƙo ɗaya. A sa yaron ya tambayi mahaifinsa me masu fito ke cewa idan jirgi ya zauna cikin ruwa fiye da kima, da Hausar Sarkawa ko da harshen Gungawa, Malam ya rubuto mana. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna tuƙi tsakanin Shanga da Ngaski ba za su rasa kalmarsu ta musƙal ba, kuma ina son in ji ta.